Ina son haɗa DAC mai inganci da hannuna: R-2R ko delta-sigma?

Mai Dalma, Aboabo

Assalamu alaikum. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina gyaran amfilifaya da lasifikan masallatai a Kumasi, amma babban burina shi ne in haɗa DAC da hannuna, wato na'urar da ke mayar da lambobin da ke cikin kwamfuta su zama sautin da kunne ke ji. Na fara gwaji da wani ƙaramin allo mai cif ɗin ES9038Q2M, na sa shi cikin akwatin ƙarfe tare da taransifomar da na ciro daga wata tsohuwar rediyo. Sauti ya fito, sai dai da dare, idan unguwa ta yi tsit na sa karatun Alƙur'ani, duk inda mai karatu ya tsaya ya ja numfashi nakan ji wani ƙugi a ƙarƙashi, kuma abin yana damuna ƙwarai. Wani abokina ya ce laifin tsarin delta-sigma ne, wanda cif ɗin nan ke aiki da shi, in koma ɗaya tsarin, wato R-2R, in jera rizistoci kamar tsani da kaina. Kafin in zuba kuɗi, ina neman shawarar manya.

Baba Injiniya, Nima

Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka yi gaggawar sayen rizistoci, domin ƙugin nan ba daga cif yake fitowa ba, kuma R-2R ta hannu ta fi yadda abokinka yake zato wuya. Ka duba lissafin. Sautin faifan CD, wanda Sony da Philips suka fitar a 1982, bit 16 ne, ma'ana an raba ƙarfin sauti zuwa mataki 65,536. Idan kana son tsanin rizistocinka ya fitar da matakan nan daidai, wajibi ne kuskuren rizistar da ke riƙe da bit mafi girma ya gaza kashi ɗaya cikin 65,536, alhali rizista mai kyau ta kashi 0.1 cikin ɗari tana iya kaucewa da kashi ɗaya cikin 1,000, wanda bai wuce bit 10 ba. Ga kuma zafi: rizistocin da ka auna da asuba suka yi daidai, da azahar kowace ta ɗan gusa. Shi ya sa kamfanin Burr-Brown ya riƙa daidaita rizistocin PCM63 da PCM1704 da hasken leza a cikin cif ɗin kansa, masu haɗa R-2R na yau kuma suke auna kowane tsani su gyara kuskurensa da lissafi. Delta-sigma ta kauce wa wannan wahala ne ta hanyar amfani da bit kaɗan da sauri mai yawa, sannan ta tura hayaniyar can sama inda kunne ba ya kaiwa. Cif ɗin da ke hannunka ya fi ƙarfin akwatin da ka sa shi.

Ɗalibin Lantarki, Ayeduase

Baba ya faɗi gaskiya, ni dai zan ƙara yadda za a kama ɓarawon. Yaya, wutarmu a Gana volt 230 ce mai bugu 50 a daƙiƙa. Ka sa manhajar auna sauti a wayarka, ka kara ta a bakin lasifika. Idan ƙugin ya tsaya a 50, to ko dai maganaɗisun taransifoma ne ke ratsa wayoyin sauti, ko kuma wayar ƙasa (wato ground ko earth) ta zagaya ta hanya biyu tsakanin kwamfuta da amfilifaya. Idan a 100 yake, kafasitocin tace wuta ne suka gaza. Ka cire cajar kwamfutar ta yi aiki da batir, ka saurara. Daga baya ka raba wutar ɓangaren lambobi da ta ɓangaren sauti, kowanne da nasa mai daidaita wuta marar hayaniya irin LT3042, ka ba agogon cif ɗin wuta mai tsabta, domin idan bugunsa yana rawa, lamba daidai ce za ta fito a lokacin da ba daidai ba.

Hajiya Mai Faifai, Asawase

Ni ba injiniya ba ce, amma na gaji tarin faifai da wata tsohuwar na'urar CD ta Philips mai cif ɗin DAC na TDA1541 daga mahaifina, kuma har yau idan na sa kiɗan goge a cikinta nakan ji kaurin tsirkiya yadda ban ji a sababbi ba. Saboda haka, Baba, a yi mini afuwa, ban yarda a rufe wa yaron nan ƙofar tsofaffin tsare-tsare ba.

Baba Injiniya, Nima

Hajiya, ban musa abin da kunnenki ya ji ba. Sai dai TDA1541 ba tsanin rizistoci na hannu ba ne, kuma wani ɓangare na daɗin da kike ji yana fitowa ne daga matatar sauti da matakin ƙarshe da aka ɗora bayan cif ɗin. Idan ya kashe ƙugi, ya ƙware a wuta da shimfiɗa allo, sai ya nemi tsohon cif ya gwada, a daidaita ƙarar biyun da mita, wani ya riƙa sauyawa ba tare da ya gani ba.

Mai Dalma, Aboabo

Allah ya saka muku da alheri. Jiya bayan isha'i na auna, layin ya tsaya a 50. Na cire caja, ƙugin ya ragu kaɗan. Sai na kwance kusoshin taransifomar, na ɗaga ta da hannu ina juyawa a hankali, ina jin ƙugin yana hawa yana sauka, har na janye ta kamar taƙi ɗaya daga wayoyin fita ya ɓace. Gobe zan shiga Adum neman akwati na biyu domin wuta ta zauna ita kaɗai. Ɗalibi, idan na raba su, a wane wuri zan haɗa wayar ƙasa ta akwatunan biyu?