Ciwon wuyan hannu ya hau har kafaɗa: ƙaruwa yake yi ko wani ciwon ne daban?

Maman Halima, Birni:
Assalamu alaikum. Yayata tela ce, shekarunta 46. An duba ta a asibiti, an ce jijiya ce ta matse a wuyan hannunta na dama, wai kanal karpiyen. Lokotoro ya ce yatsu uku da rabi ciwon ke kamawa. To amma ita hannun duka ke mutuwa, har da ƙaramin yatsa, kuma da dare zogin yana hawa gwiwar hannu zuwa kafaɗa. Yanzu ko matsa mata hannun hagu aka yi sai ta ce zafi, alhali da lafiyarsa lau. Jijiyar ce ke ƙara lalacewa, ko ba a gano ciwon daidai ba? Masu sani ku taimaka.

Malam Ɗan Zango:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Lokotoron bai yi kuskure ba, ita ma ba ƙari take yi ba.

A wuyan hannu akwai wata 'yar hanya matsattsiya, ita ce ake kira kanal karpiyen: ƙananan ƙasusuwa 8 ta ƙasa da gefe, wani tantani mai tauri ya rufe ta sama. Abu 10 ke bi ta ciki, jijiyoyi 9 masu lanƙwasa yatsu da jijiyar ji guda ɗaya. Wannan ɗayar ita ke kai ji ga babban yatsa, manuniya, na tsakiya, da rabin na zobe. Ƙaramin yatsa wata jijiyar ce ke kula da shi, wadda ke bi ta bayan gwiwar hannu, ba ta shiga hanyar ko kaɗan. Wurin ba ya buɗewa, don haka da ciki ya kumbura jijiyar ji ce ke shan matsa, jini ya ragu gare ta. Lanƙwasa hannu ciki ko waje na ninka matsin sau da yawa, shi ya sa dare ya fi wuya: mutum na barci ya naɗe hannu bai sani ba.

Batun yaɗuwa kuwa, abu ne da ake gani kullum. Masu wannan ciwo da yawa hannun duka suke nunawa, kamar sun sa safar hannu, wasu kuma su shafo har kafaɗa. Jijiyar da ta matse ba shiru take yi ba, tana ta aika saƙon ciwo zuwa laka dare da rana. In abin ya ɗauki watanni, ƙwayoyin lakar da ke karɓar saƙon sai su zama masu saurin tashi, har maƙwabtansu masu karɓa daga ƙaramin yatsa da damtse su kama. Daga nan ƙwaƙwalwa ta fara jin ciwo a inda babu rauni, matsa kaɗan ya zama zafi. Tunda sauyin a laka da ƙwaƙwalwa yake, yana iya bayyana a ɗaya hannun ma. An auna wannan da na'urar matsa fata: masu ciwon a hannu ɗaya sukan ji zafi da wuri a hannayen biyu, fiye da masu lafiya.

Abin da mutane ba su zata ba shi ne, faɗin wurin da ke ciwo ba shi ne ma'aunin lalacewar jijiya ba. Sau da yawa mai yaɗuwa sosai, in an yi masa gwajin lantarki mai auna aikin jijiya, matsin nasa mai sauƙi ne. Wanda jijiyarsa ta yi nisa da lalacewa kuwa, yatsu ukun nan da rabi kaɗai yake nunawa, sun mutu murus, zogin ma ya ragu.

Kine_Damagaram:
Malam ya yi bayani. Ni dai zan ƙara cewa kar a ɗora komai a kan yaɗuwa ba a bincika ba, don akwai cututtukan da ke kama da shi. Hajiya, ga abin da za ku duba a gida kafin ku koma asibiti.

Ta haɗa bayan hannayenta biyu a gaban ƙirji, yatsu na kallon ƙasa, wuyan hannu a lanƙwashe, ta riƙe daƙiƙa 60. In yatsu ukun farko suka fara mutuwa ko zogi, alama ce. Sai ki danna babban yatsanki a tsakiyar wuyan hannunta, daidai layin da ya raba shi da tafi, daƙiƙa 30, ki ga ko yatsun za su yi haka. Sannan ki shafa yatsan zobe da auduga, gefen da ke kallon na tsakiya da gefen da ke kallon ƙarami. In ji ya bambanta tsakanin gefen biyu, matsalar a jijiya ɗaya take a hannu, ba daga wuya ba. Ki shafa fatar tudun babban yatsa ma: reshen da ke kai mata ji ta saman tantanin yake wucewa, don haka a wannan ciwo jinta yakan kasance daidai.

Ku bambanta abu biyu. Ta ce ƙaramin yatsa ya mutu da dare, wannan yana iya zama yaɗuwa ce. Ki taɓa shi da rana ta kasa jin audugar, wannan wata magana ce: ko jijiyar gwiwar hannu ta matse, ko daga wuya ne. In juya wuya ko tari na harbo zogi zuwa hannu, a duba wuya. In tafin ƙafa ma na mutuwa, a auna sukari. In akwai tabo mai haske a fata wanda ba ya ji, a nuna shi, don kuturta ma tana kama jijiyoyin hannu, kuma maganinta kyauta ne. Hannu ya mutu farat ɗaya tare da karkacewar baki, ko ciwon hannun hagu da nauyin ƙirji, wannan ba na jira ba ne, asibiti nan take.

Hannun hagun kuma a gwada shi kamar na dama. Ciwon nan yakan kama hannu biyu, wanda aka fi aiki da shi ne kawai ke fara kuka.

Maman Halima, Birni:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Mun gwada, kafin daƙiƙa 30 yatsun sun fara, ƙaramin kuma yana jin auduga. Wata maƙwabciya ta ce ta sha tramol, wani kuma ya ce a yi tsaga a kafaɗa. Me za mu yi?

Inna Majo:
'Yata, ku bar tramol. Ba ya rage matsin, yana kama mutum, kuma irin waɗannan ƙwayoyi in aka daɗe ana sha suna iya ƙara wa jiki saurin jin ciwo. Diklofenak da ibuprofen ma ba su cika yin wani abu a nan ba, sai cin ciki. Tsaga a kafaɗa kuwa wahala ce kawai, tushen yana wuyan hannu.

Abin farko ɗaurin dare ne, wanda ake kira atel a farmasi. Ya riƙe hannu a miƙe sak. Yawancinsu ƙarfen ciki a lanƙwashe yake zuwa, yana ɗaga hannu baya, wannan kuwa ƙara matsi yake yi. Ku zaro shi ku miƙar da shi. Kar a ɗaure har yatsu su kumbura. Kowane dare, sati 4 zuwa 6, kafin a ce ya yi ko bai yi ba. Da rana a cire.

Wajen aiki, almakashi mai dakushi shi ne babban abokin gaba, a wasa shi. Yankan shadda mai kauri a raba shi, kar a yi a zama ɗaya. Daka, matsar wanki da ɗaukar bokiti da yatsu a ba yara na ɗan lokaci. Barci ma a kula da shi, rashinsa na ƙara saurin jin ciwo. A asibiti ku nemi awon sukari da na maƙoƙo, don dukansu na jawo shi. Mai ciki kuwa galibi nata na tafiya bayan haihuwa.

Malam Ɗan Zango:
Na yarda da Inna, sai dai kar sati 6 ya zama shekara. Hajiya, ki ajiye tafukanta biyu kusa da juna ki dubi tudun naman gindin babban yatsa. In na dama ya lotsa, ko allura na kuɓuce mata, ko ba ta iya sa maɓalli, ko mutuwar yatsun ta zama ba dare ba rana, ku koma babban asibitin Damagaram ku nemi likitan fiɗa, ko da zogin ya lafa. Allurar kortizon, maganin rage kumburi, a wuyan hannu na ba da sauƙi, amma ga mutane da yawa na watanni ne.

Aikin fiɗar ƙarami ne: a kashe wurin, a yanke tantanin da ya rufe hanyar, a ɗinke. Ana cire zare bayan kwana 10 zuwa 14. Tashin dare yakan bari da wuri, ciwon da ya hau kafaɗa ma yakan bi shi sannu a hankali in daga nan ya taso. Gindin tafi na iya yin tsami wata 2 ko 3, ƙarfin riƙe almakashi ma sai a hankali. Naman da ya riga ya lotsa ba lallai ya dawo duka ba.