Da wanne ake farawa a jinyar EMDR, mafi muni ko mafi daɗewa?

Ɗalibar Ilimi:
Assalamu alaikum malamai. Tambayata kan EMDR ce, jinyar nan da ake sa mutum ya bi yatsu da ido, dama da hagu, yana tuna abin da ya firgita shi. A ce mutum ya zo da abu uku: haɗarin mota shekara biyu da suka wuce, rasuwar mahaifinsa a gabansa yana yaro, da dukan da ya sha a gidan riƙo. Abin da ya kawo shi shi ne ya kasa shiga motar haya, kuma yana yawan mafarkin haɗarin. Da wanne za a fara?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Tsarin da Francine Shapiro, wadda ta ƙirƙiro jinyar, ta shimfiɗa mataki takwas ne. Zaɓen abin da za a sa a gaba aikin mataki na farko ne, motsa ido kuwa sai a na huɗu, don haka kada ki yi gaggawa.

Ki sa shi ya lissafo abubuwa kamar goma da suka fi damunsa, kowanne da ɗan suna kawai, ba labari ba, sai shekarunsa a lokacin da makin damuwa daga 0 zuwa 10, wato ma'aunin SUD. Idan kika bar shi ya zurfafa cikin labari tun a nan, kin buɗe ciwon ba ki shirya rufe shi ba. Masu kama da juna ki tara su wuri ɗaya: ko sau talatin aka dake shi a gidan riƙo, rukuni ɗaya ne, a ciki ake ɗaukar na farko, da mafi muni, da na ƙarshe. Sau da yawa idan waɗannan suka lafa, sauran kan bi su.

Daga nan ki fara daga yau ki koma baya. Ya kawo a zuciyarsa hoton kansa a tasha, kwandasta na kiran fasinja. Wace magana ce game da kansa ke zuwa masa? A ina yake jin abin a jikinsa? Ya riƙe su, ya bar hankalinsa ya koma baya zuwa karon farko da ya taɓa jin haka. Idan ya sauka kan ranar rasuwar mahaifinsa da magana iri ɗaya, misali "ba ni da ikon yin komai", to wannan ne tushe, kuma a ƙa'ida da shi ake farawa domin shi ke ciyar da na baya-bayan nan. Idan ya tsaya kan haɗarin bai wuce ba, kada ki ƙirƙiro masa tushe. Ki fara da haɗarin. Bayan abubuwan da suka wuce sai abubuwan da ke tayar masa da hankali yanzu, sannan a gwada yadda zai yi nan gaba.

Hajiya Mai Shawara:
Malam ya faɗi ƙa'ida, amma ni a wannan misalin da haɗarin zan fara ko da an gano tushe. Shi yake gani a mafarki, shi ya hana shi neman abinci, kuma abu ne guda mai farko da ƙarshe. Idan ya samu sauƙi a nan, zai yarda da jinyar kafin a taɓo yarinta, inda abu ɗaya ke jawo goma.

Abin da ya fi zaɓin muhimmanci shi ne ko zai iya ɗauka. Ki bincika ko hankalinsa kan fice, ya ji kamar ya bar jikinsa, ko a yi sa'o'i bai san abin da ya yi ba. Akwai ma'aunin DES mai tambayoyi 28 da ake auna irin wannan ficewar hankali da shi. Maki 30 ko sama alama ce ta a dakata a zurfafa bincike tare da mai duba aikinki. Ki kuma gwada shi da atisayen wuri mai natsuwa: ya tuno ƙaramin ɓacin rai, sannan ya dawo da kansa ta hanyar tuno wani wuri da yake samun natsuwa. Wanda ya kasa wannan ba a kai shi ga abu mai maki 10. A ƙara shiri, ko a fara da wani keɓaɓɓen abu mai maki 5 ko 6.

Sai abu biyu da ake mantawa. Wanda har yanzu yake zaune inda 'yan bindiga ke kai hari, ba za ki ɗora masa kyakkyawar magana irin ta "yanzu ina cikin aminci" ba, don ba gaskiya ba ce. "Na tsira a ranar" ko "ina iya ɗaukar mataki" sun fi zama. Wanda kuma zai ba da shaida a kotu kan abin, a gaya masa tun farko cewa hoton abin a zuciyarsa kan dushe bayan jinya, ya yi shawara da lauyansa.

Malam Na-Asibiti:
Ƙari kaɗan, Malama. Yawancin aikin da ke cijewa ba zaɓin ne ya ɓaci ba, abin da aka sa a gaba ne ya cika faɗi. "Haɗarin mota" ba a iya sa shi a gaba. Ki tambaye shi wane hoto ne ya fi muni a ciki, ƙila fitilar tirela tana tunkaro su, ƙila ƙarar ƙarfe. Sai mummunar maganar da yake ɗauka game da kansa a yanzu. "Na ji tsoro" bayanin yadda ya ji ne, "direban ya yi ganganci" kuma batun wani ne. Abin da ake nema irin su "laifina ne", "zan mutu", "ni ba kowa ba ne". Kyakkyawar maganar da za ta maye gurbinta ta kasance a fanni ɗaya, kuma mai yiwuwa. "Abin bai faru ba" ba ta karɓuwa. Ya auna gaskiyarta a ransa daga 1 zuwa 7, wato VOC, ya faɗi abin da yake ji, makin damuwa, da wurin da yake jinsa a jiki.

Idan kunya ta hana shi faɗi, kamar a batun fyaɗe, ba dole sai kin ji labarin ba. Ya sa wa abin wata kalma ta alama, ya riƙa gaya miki ko ya canza ko bai canza ba.

Ɗalibar Ilimi:
Allah Ya saka da alheri. To idan an fara da haɗarin, tsakiyar aiki sai rasuwar mahaifin ta taso fa?

Tsohon Hannu:
Ki bar shi ya bi ta, kada ki tare. Ki ci gaba da zagayen motsin ido, kowanne kai-komo kamar 24. Idan sabon abu ya daina fitowa, ki dawo da shi kan hoton haɗarin ki ji abin da ya rage. In makin ya tsaya cak zagaye biyu ko uku, ki sauya alkiblar motsin ko saurinsa. In har yanzu bai motsa ba, alama ce wani tsohon abu ke riƙe da shi, sai ki nemo shi. Ba a ce an gama ba sai damuwa ta sauka 0, VOC ya kai 7, jiki kuma ya saki. Zama kan ɗauki minti 60 zuwa 90, don haka kada ki buɗe sabon abu saura kwata. In lokaci ya ƙare ba a gama ba, ki rufe da atisayen natsuwa, zama na gaba ki fara da sake auna wannan hoton kafin ki ɗauko wani.