Wa ke shaƙe mana intanet bayan isha'i?

Mai POS: Salamu alaikum jama'a. Ni dai na gama yanke hukunci, kamfanin layin nan da gangan yake rage mana gudun intanet da daddare. Da asuba rautar gidana, wato na'urar da ke raba mana intanet, lafiya lau, bidiyo ko tsayawa ba ya yi. Da an idar da sallar isha'i, hoton rasit ma sai ya yi ta juyawa. A farkon 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100, aka ce sabis zai gyaru. Mu na ƙauyukan Igabi me muka gani? Yayana a Kawo, cikin garin Kaduna, layin nan yake riƙe da shi, bai taɓa kuka ba.

Hajiya: Wa alaikumus salam. Gaskiyarka, ɗan nan. Jiya ina magana da 'yata da ke aure a Kano, fuskarta ta daskare, muryar jikana na zuwa guntu-guntu. Dole na kashe na kira ta da kati.

Injiniya: Hajiya, sannu da haƙuri. Amma Yaya, ban yarda da "da gangan" ɗin nan ba. Ƙarfen sabis ɗaya ne ke ɗauke da garinmu da rugagen da ke kewaye, kuma abin da yake iya turawa yana da iyaka, rabawa ake yi tsakanin duk wanda ya hau. Kamar burtsatse ne: da asuba kai kaɗai ne a bakin famfo, da yamma gari duka ya jera jarkoki. Bayan isha'i manomi ya dawo, ɗalibi ya buɗe YouTube, matasa suna TikTok. A Kawo ƙarafan suna kusa da juna, nauyin ya rabu.

Mai POS: To me ya sa layukan sabis ke cike a rautar, har da 4G a rubuce?

Injiniya: Layukan nan ƙarfin siginar da ke iso maka kawai suke nunawa. Ba sa faɗin mutum nawa kuke rabawa da su. Sabis cike amma ba gudu, a lokaci guda kullum, wannan cunkoso ne.

Malam: Ku bar ni in sa baki. Rabin matsalar a gidajenmu take, ba ma son faɗa. Na shiga gidaje na ga rauta a ƙasa bayan talabijin, ƙarƙashin rufin kwano, bangon bulo ta ko'ina. Kwano yana tare sigina sosai. Tawa na ɗaga ta kan tagar da ke fuskantar ƙarfen, daga baya na ɗaura eriyar waje a kan doguwar sanda. Bambancin a bayyane yake. Sannan a duba wayoyi nawa ke kan wayfai ɗin. Ka ba yaro ɗaya lambar sirri, kafin Juma'a duk unguwar ta sani.

Mai POS: Malam, da girmanka, kwanon da ke kaina da daddare shi ne ke kaina da asuba. Ba ya sauka ya je masallaci.

Injiniya: Nan kam Yaya ya fi gaskiya. Matsalar wurin ajiya ba ta duba agogo. Sai dai eriyar Malam tana taimako ko a cikin cunkoso, domin mai sigina mai tsabta ya fi cin moriyar ɗan kason da ya samu.

Ɗan Auta: Yayyena, akwai ragewa da gangan fa, a rubuce take. Datar watan nan da ake cewa ba ta da iyaka, a sharuɗɗanta akan ce in ka kai wani adadi za a sauke maka gudu. Mutane ba sa karantawa.

Injiniya: Haka ne, Auta. Amma wanda aka sauke wa gudu ta wannan hanyar, da asuba ma a sauke zai same shi. Na Yaya yana dawowa da safe.

Baba: Yara, mu mun ga rufewa da gangan. A ƙarshen Satumbar 2021 gwamnatin Kaduna ta sa aka katse sadarwa a wasu yankuna saboda 'yan bindiga, sai a Nuwamba aka maido. An sanar, kowa ya ji a rediyo. A Maris na 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke, ƙasashen Afirka ta Yamma da dama suka ji a jikinsu. Ga masu aikin titi da ke tono wayar faiba mai ɗauko intanet, ga ƙarfen da ke mutuwa in man janaretansa ya ƙare ko an sace batir. Kada mu zuba komai a buhu ɗaya.

Mai POS: Baba, Allah ya ƙara girma, na ji. Amma ga inda na tsaya. Kamfanin yana ganin yawan sim ɗin da ke hawa ƙarfen nan kowane dare, ya fi mu sani. Ya san ya cika, bai ƙara masa ƙarfi ba, bai kafa na biyu ba, amma yana sayar mana da data a farashin mutanen Kawo. Wanda ya san abu ya bar shi haka, ai ya zaɓa ne. Jiya wata tsohuwa ta tsaya a gabana da katinta, an cire mata kuɗi, na'ura ta ce bai shiga ba. Ni take kallo, ba kamfani ba.

Injiniya: Wannan ban musa maka ba, kuma abin yana min ciwo. Abin da nake gudu shi ne mu je da zargin da ba mu da shaidarsa a sallame mu. Kowa ya gwada gudu da manhajar Speedtest har mako guda: bayan asuba, da azahar, da ƙarfe tara na dare, yana tsaye kusa da rauta, sauran wayoyi a kashe. A ɗauki hoton sakamakon. Mai sim na wani kamfani ya gwada a wuri ɗaya mu kwatanta. Sai mu kai ƙorafi ga kamfanin mu karɓi lambar ƙorafin. In shiru, mu kira NCC a 622, kyauta ne.

Hajiya: Auta, ka biyo bayan la'asar ka sa min abin gwajin a waya, ka ɗaga min rautar kan taga.

Mai POS: Zan gwada. Amma a takardar ƙorafin a rubuta ƙarfe na biyu muke nema, kada a ce mana mu kashe mu kunna.