Me za mu kira "fosil" a littafin yara?

Salamu alaikum. Ina haɗa ɗan littafin kimiyya na 'yan aji huɗu zuwa shida, babi na uku kuma ya tsaya cak saboda kalma ɗaya: fosil, wato ragowa ko siffar halittar zamanin dā da ake tararwa a cikin dutse. Babin kan ƙasarmu ne. Sama da shekara miliyan 50 da suka wuce, teku ne ya rufe yankin Sakkwato. Farin dutsen Kalambaina da ake siminti da shi a ƙarƙashin ruwan nan ya taru, shi ya sa ake fasa shi a tarar da siffar katantanwa a ciki, da murɗinta da zanenta. Akwai ma wata babbar dabbar ruwa, dangin ƙadangare, da masana suka raɗa wa Goronyosaurus a 1972, daga sunan Goronyo. Ba na son yaron Goronyo ya ji labarin ƙasarsu da kalmar aro. Ku taimaka.

Malamar firamare, Mabera: Malam, ai "burbushin halittu" muke cewa a aji.

Da shi na fara, Malama. Amma yaro in ya ji burbushi, na burodi zai tuna. Ƙoƙon kan dabba sukutum ba burbushi ba ne.

Ɗalibin jami'a: To a ce ƙwarangwal mana, Malam.

Ƙwarangwal ƙashi ne kawai. Ganye fa? Sawun ƙafa da ya bushe cikin laka ya zama dutse fa? Kuma sau da yawa ƙashin ya riga ya sauya. Laka ke binne shi, ruwa ya riƙa ratsa ƙofofinsa yana ajiye ma'adinai, a hankali har ya koma dutse mai siffar ƙashin. Wannan nake son kalmar ta ɗauka.

Dattijo daga Wurno: Yaro, abin ga da kaka hwaɗi ai kuhwai na. Gari ya tashi, mutane sun tahi, amma ga tushen katanga, ga marina, ga kasko. Kowa ya gani ya san an zamna nan.

Allah ya ja zamaninka, Baba. Kufan halitta! Mai rai ya tafi, wurinsa da siffarsa sun rage. Ya ɗauki ƙashi, ya ɗauki ganye, ya ɗauki sawu.

Malamar firamare: Yana da daɗi, sai dai kufai wuri ne, ba abin da ake ɗauka a hannu ba.

Gaskiyarki, Malama, na ga wannan. Amma tunda "halitta" na biye, ina jin yaro zai gane, musamman da hoton katantanwar Kalambaina a gefe. Na rubuta jimlar haka: "Wannan dutse kufan halitta ne, wata dabba ce ta rayu a teku, ta bar siffarta a ciki." Jam'insa kufaifan halittu. Ki karanta wa 'yan ajinki gobe ba tare da bayani ba, ki tambaye su abin da suka fahimta.

Malamar firamare: In sha Allahu, Malam. Turo min shafin da hoton.