Manifol mai kallon gaba da turotul bodi 90mm a kan IS300 mai turbo, ya dace?

Mai_IS300

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana injin 2JZ. Mota ce Lexus IS300 ta 2003, injin 2JZ-GE mai VVT-i, giya otomatik. Za a ɗora mata turbo guda ɗaya, burin doki 350 a matsin iska bar 0.7, kuma motar hawa ce ta kullum, ba ta tsere ba. Manifol ɗin iska na asali, wato bututun da ke raba iska ga silindoji, ya haura ta saman injin, turotul bodi, wato maƙogwaron da totur ke buɗewa iska ta shiga, ya faɗo ɓangaren salansa, daidai inda turbo zai zauna. An ce in sayi manifol mai kallon gaba, wanda bakinsa ke fuskantar gaban mota, kuma galibin waɗanda ake tallatawa da turotul bodi 90mm mai kebur suke zuwa. Shin 90mm zai ƙara ƙarfi? Me kuma zan rasa idan na cire na asali?

Oga_Bakanike

Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, 90mm ya yi wa wannan aikin yawa, kuma lissafi ne zai nuna maka.

Injinka lita 3 ne, yana cika silindojinsa sau ɗaya a kowane juyi biyu. A juyi 6,500 a minti yana zuƙar kimanin lita 9,750 a minti, wato lita 162 a daƙiƙa. Abin da mutane ke mantawa shi ne turbo ba ya canja wannan adadin. Abin da yake yi shi ne danne iska ta yi nauyi, sai kowace lita ta ɗauki iska fiye da da. Yawan litocin da ke ratsa maƙogwaron turotul girman inji da juyinsa ne ke yanke shi. Saboda haka inji mai turbo ba ya buƙatar ƙaton maƙogwaro kamar inji marar turbo mai doki iri ɗaya, wanda sai da manyan silindoji ko juyi mai yawa yake kai wa can.

Yanzu raba lita 162 da faɗin ramin. A 65mm iska za ta wuce da gudun kusan mita 49 a daƙiƙa, a 70mm mita 42, a 80mm mita 32, a 90mm kuwa mita 25 da 'yan kai. Idan matsi bar 0.7 ne, iskar kuma tana da zafin digiri 50 bayan intakula, na'urar da ke sanyaya iskar turbo, nauyinta kusan kilo 1.8 ne a kowace mita kubik. Matsin da gudun iskar ke ɗauke da shi a 65mm bai wuce kPa 2.2 ba, a 90mm kuma kPa 0.6. Bambancin kPa 1.6 ne daga cikin 170 da ke cikin manifol (bar 0.7 na turbo, wato kPa 70, da kusan 100 na iskar waje), kashi ɗaya cikin ɗari ke nan, doki uku ko huɗu, su ma sai a ƙololuwar juyi. Turbo zai cike wannan giɓin ba tare da ka ji ba.

Abin da za ka biya kuwa kullum za ka riƙa jin sa a ƙafarka. Faɗin ramin 90mm ya kusa ninka na 65mm, milimita murabba'i 6,362 a kan 3,318. Da ka ɗan taɓa totur, farantin ya buɗe kaɗan, iskar da za ta shiga ta kusa ninki biyu. Motar za ta riƙa fizga wajen tashi, a cikin gosulo ta riƙa zabura, kuma a ƙananan juyi tun kafin ƙafarka ta kai rabi injin ya riga ya sami duk iskar da yake iya sha, sauran takun banza ne. Wasu na jin wannan zaburar su ce mota ta ƙara ƙarfi. Ba ta ƙara ba, ikon sarrafa ta ne ya ragu. Ranar da aka yi ruwa, turbo ya kama a kan kwana, tayoyin baya ne ke tura motar nan, a nan ne za ka so totur mai bin ƙafa sannu a hankali.

Duba bututun intakula ma. Bututu mai inci 3 cikinsa kusan 73mm ne, mai inci 2.5 kuma kusan 60mm. Idan iska ta biyo ta 73mm, buɗe mata 90mm a ƙarshe ba ya ƙara komai. A doki 350 bututun inci 2.5 ya isa, turotul bodi tsakanin 65mm da 70mm.

In kana son hujja daga motarka, bayan an gama aiki ka sa gejin matsi ɗaya kafin turotul bodi, ɗaya a cikin manifol, a take totur har ƙasa a giya ta uku zuwa ƙololuwar juyi. Idan bambancin bai kai psi 1 ba, wato kusan kPa 7, maƙogwaron ba shi ne ke shaƙe injin ba.

Mai_Waya_Kaduna

Oga ya gama da lissafin iska. Ni ɓangaren waya zan taɓa, don a IS300 nan ne aikin ke tsayawa.

Turotul bodin motar nan ba na kebur zalla ba ne. Tsarin ETCS-i ne na Toyota: kebur ɗin totur yana juya sansa ne a jikin turotul bodin, birenbos ya karanta, sannan ya umarci ƙaramin moto ya buɗe farantin. Da wannan moton ake riƙe silo, babu wani bawul na silo daban. Da shi tsarin hana santsin taya ke rage ƙarfi, da shi kurus, mai riƙe gudun mota ba tare da taka totur ba, ke aiki, kuma da bayanansa birenbos ke sanin lokacin da giyar A650E za ta canja. Ka cire shi ka sa mai kebur, fitilar cek za ta kama, kurus da hana santsi su tafi, giya ta rikice, silo kuma ya riƙa mutuwa duk lokacin da ka kunna esi ko ka murɗa sitiyari a tsaye.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka riƙe turotul bodinka na asali, a yi masa faranti mai haɗa shi da sabon manifol, a tsawaita wayoyinsa, a nemi kebur da ya dace da sabon wurin. Wayoyin sansa a haɗa su da dalma a rufe da kyau, don sansar sigina biyu take aikawa, kuma ƙaramin canji a cikinsu kan sa birenbos ya kashe moton ya bar ka da totur na lallaɓawa.

Hanya ta biyu birenbos na kasuwa, irin Haltech ko Link ko ECUMaster, da turotul bodin lantarki na Bosch mai 68mm ko 74mm, da fedal mai sansa biyu. Daɗinta shi ne kai za ka tsara yadda farantin zai bi ƙafa, har 74mm ya yi laushi a ƙasa. Amma ka tabbata samfurin birenbos ɗin na iya tuƙa moton turotul, ba kowanne ke yi ba. Kuma birenbos na asali zai zauna a gefe, domin agogunan dashbod da esi da giya ta wurinsa suke magana. Wannan ya sa a giya otomatik hanya ta farko ta fi kwanciyar hankali.

Idan ka nace sai mai kebur, to dole a ƙara bawul na silo, a kuma nemi wanda kurarsa, wato abin da kebur ke naɗuwa a kai, ba zagayayya ba ce, mai jan farantin a hankali da farko.

Malam_Walda

Ban yarda a yi watsi da manifol ɗin gaba ɗaya ba, ko da yake na yarda da Oga a kan 90mm. Amfaninsa a wannan motar na tsari ne. Bututun sanyi daga intakula zai shigo kai tsaye ta gaba a ɓangaren hagu, ba zai koma ya ratsa kusa da turbo ya sake ɗaukar zafi ba, kuma wanda ya san zafin Kano ko Sakkwato a watan Afrilu, inda ake haura digiri 40, ya san darajar wannan. Canja fulogi ma ya zama aikin mintuna, ba sai an kwance turotul bodi ba. A inji mai turbo za ka riƙa duba fulogi akai-akai.

Sai dai ka san abin da za ka bayar. Manifol na asali yana da tsarin ACIS, bawul da ke sauya tsawon hanyar iska gwargwadon juyi, shi ke ba motar ƙarfin tashi. Na kasuwa mai gajerun ƙafafu, wato bututun da ke kai iska kowace silinda, zai kai ƙarfin sama, ya rage shi a ƙasa, daidai inda turbo bai farka ba tukuna. Don motar kullum, nemi irin wanda ake ɗaurawa a kan ƙafafun ƙasa na asali, tsawon ya fi, mazaunin nozul kuma bai canja ba. Tukunyar iskar, inda iska ke taruwa kafin ta shiga ƙafafun, kada ta wuce ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na girman inji, lita 4.5 zuwa 6. Wadda ta fi haka tana jinkirta amsa totur.

Ka tabbata na GE ka saya. Fuskar top silinda ta GE da ta GTE, wato 2JZ ɗin da ke zuwa da turbo daga kamfani, ba ɗaya ba ce, manifol ɗin wannan ba ya hawa wancan. Motocinmu kuma sitiyarin hagu ne, sabo (servo, mai sauƙaƙa taka birki) da tukunyar man birki suna ɓangaren manifol, don haka a auna sarari kafin a biya kuɗi.

Idan ya iso, kada a ɗaura kai tsaye. A ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a fuskar da za ta haɗu da gasket a zura ma'aunin tazara. In ya wuce 0.1mm a kai wa masu gurzar top silinda su daidaita, don zafin walda kan lanƙwasa alminiyam, iska ta riƙa shiga ta gefe, silo ya hau sama. A leƙa ciki da tocila a cire ɓurɓushin walda, abin da ya saura bawul da fistin ne za su haɗiye shi. A ɗaure notuna daga tsakiya zuwa gefe. Bayan nan a toshe bakin turbo, a hura iska bar 1, a fesa ruwan sabulu a kowace mahaɗa.

Siffar tukunyar ma a duba. Iska in ta shigo ta gaba da gudu, ƙarshen tukunya take nufa, silinda ta 5 da ta 6 su sami iska fiye da sauran alhali man iri ɗaya ne. Sansar salansa guda ɗaya matsakaicin duka shida take nunawa, ba za ta tona wannan ba. Tukunya mai tsukewa zuwa baya ta fi raba iska daidai. Bayan gwaji a cire fulogi shida a jera. Idan na baya sun fi fari, a ƙara musu mai kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari in birenbos ɗin na iyawa.

Ƙananan tiyo kuma kowanne da bakinsa: sansar matsi ita kaɗai, ragileton mai shi kaɗai, bawul ɗin sakin iska shi kaɗai. Tiyon da ke zuwa sabo na birki lallai ya kasance da bawul mai hanya ɗaya, in ba haka ba matsi zai shiga sabo birki ya yi tauri.

Mai_IS300

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To idan kuɗin bai isa duka ba, wanne zan fara?

Oga_Bakanike

Amin. Bar manifol da turotul bodi na asali tukuna, za su kai ka doki 350. Fara da mai: nozul 550cc, don lissafin doki 350 yana neman kusan 460cc idan ba a so su wuce kashi 80 na aikinsu, famfo irin Walbro 255, da layin mayar da mai tanki tare da ragileto mai bin matsi, tunda tsarin motar na asali ba shi da wannan layin. Sannan matsin silinda: GE mai VVT-i 10.5 ne, GTE kuwa 8.5, shi ya sa ake sa gasket ɗin GTE mai kaurin 1.3mm a rage shi. Kwanrod ɗin VVT-i sirara ne, kada mai saiti ya bari ƙarfin ya shigo duka lokaci guda a ƙananan juyi. Giyar ma a ƙara mata na'urar sanyaya mai. Bututun da ya bi kusa da turbo a naɗe shi da abin kare zafi, a sa sansar zafin iska dab da turotul bodi. In ta nuna zafin na hawa sosai bayan taku biyu ko uku a jere, lokacin sayen manifol ya yi.