Wace kalmar Hausa za mu ba "dialogue" na Cocin Katolika?

Assalamu alaikum malaman Hausa da abokan aikin fassara. Akwai kalmar da nake so mu tsayar wa da suna, domin tana yawan zuwa mana nan Sakkwato. Ita ce wadda Turawa ke kira "dialogue", musamman yadda Cocin Katolika ke amfani da ita kan hulɗarta da Musulmi. A rediyo da jarida mun saba cewa "tattaunawa tsakanin addinai". Ni dai kalmar ba ta cika mini ba. A muhawarar da muke yi kanta, wani malami ya kawo "muƙabala", wata Hajiya ta kawo "sulhu", wani ɗan uwa ya ce abin tarkon mishan ne kawai, wani yayanmu kuma ya soki kalmar da ni zan kawo; zan amsa musu ɗaya bayan ɗaya.

Bari mu fara da abin da su masu kalmar ke nufi. A ranar 28 ga Oktoba 1965, babban taron bishop-bishop na duniya da aka yi a Fadar Paparoma daga 1962 zuwa 1965 ya fitar da takarda mai suna Nostra Aetate. A sashe na 3 ta ce Coci na duban Musulmi da girmamawa, domin suna bauta wa Allah ɗaya, Mai rahama, Mahaliccin sama da ƙasa, suna girmama Annabi Isa da mahaifiyarsa Maryam, suna jiran ranar hisabi, suna sallah da sadaka da azumi. Ta kuma nemi a bar tsohuwar gaba a koma fahimtar juna. Amma kafin shekarar ta ƙare, a watan Disamba, taron nan dai ya fitar da wata takardar, Ad Gentes, wadda ta jaddada cewa kai saƙon Almasihu ga dukan al'ummai wajibi ne a kan Coci. Ba su ajiye ɗaya don su ɗauki ɗaya ba. Duka biyun suke riƙe da su har yau.

Na biyun, wato kai saƙon Almasihu, ba shi da wahalar fassara. Kiristocin Hausa sun daɗe suna cewa "shelar bishara", tun 1932 akwai cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma kalmar ta zauna. Mu bar musu ita. Kada mai fassara ya mayar da ita "da'awa", kowace da gidanta.

Na farkon, wato "dialogue", shi ne matsalar. A 1991 ofishin Fadar Paparoma mai kula da hulɗa da sauran addinai, wanda ɗan Najeriya Kadinal Francis Arinze ke shugabanta a lokacin, ya haɗu da ofishin yaɗa bishara suka fitar da takarda kan yadda abubuwan biyu za su tafi tare. A ciki sun ce wannan "dialogue" iri huɗu ne. Akwai na zaman yau da kullum tsakanin maƙwabta, da na haɗa hannu a aikin taimakon jama'a, da na malamai masu musayar ilimi, da na masu ibada da ke buɗe wa juna yadda suke neman Allah. To a cikin huɗun nan, guda ɗaya kawai "tattaunawa" ta kama. Sauran ukun sau da yawa ba a ko buɗe baki.

Ku dubi zaman makoki a kowace unguwa da ake zaune tare a garin nan. Maƙwabciya 'yar Katolika ta yafa mayafinta, ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta zauna kan tabarma cikin mata. Idan aka ce a yi Fatiha sai ta sunkuyar da kai ta yi shiru har a shafa, sannan ta ce Allah ya ba da haƙuri. Ranar layya a aika mata da nata kason nama, ranar Kirsimeti kwanon shinkafarta ya tsallako katanga. A wurin masu takardar 1991 wannan shi ne nau'in farko. Wa zai kalli haka ya ce tattaunawa ake yi?

Malam da ya kawo "muƙabala", Allah ya ƙara ilimi, amma a nan ba zan bi ka ba. Mu Sakkwatawa mun san muƙabala. Malamai biyu ne, kowa da tulin littattafai a gabansa, ga alƙali, ga mai riƙe agogo, ga matasa sun ɗaga wayoyi. Kafin gari ya waye an yanka bidiyo ana yawo da shi ana cewa an ƙure wane. Duk wanda ya ji an gayyaci limami da fada, wato limamin coci, zuwa muƙabala, kayar da wani zai je kallo. "Muhawara" ma ƙanwarta ce, sai dai ta fi ta sanyi.

Hajiya ta ce "sulhu". Ranki ya daɗe, sulhu sai an yi faɗa, kuma a sulhu kowa na sakin wani abu daga haƙƙinsa. A nan babu mai sakin komai. Musulmi ba zai rage tauhidi ba, Katolika ba zai bar cewa Yesu ne Mai Ceto ba. Idan muka ce sulhu, mun ba mutane dalilin zaton ana cinikin aƙida a bayan fage. "Fahimtar juna" kuwa ita ce ribar da ake fata, ba ita ce aikin ba. "Hiwari" na Larabci daidai yake a ma'ana, amma je Tsohuwar Kasuwa ka faɗe shi ka ga mutum nawa za su gane.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace nauyi, ta ɗan uwan da ya ce mu kira abin da sunansa, wai tarkon mishan ne kawai aka yi wa ado. Ban raina wannan tsoro ba, mutane da yawa na da shi. Abin da zan ce shi ne su kansu ba su ɓoye ba. Paparoma John Paul na Biyu, a wasiƙarsa ta 1990 mai suna Redemptoris Missio, ya rubuta ƙarara cewa wannan hulɗa wani ɓangare ne na aikin bisharar Coci. A cikin wasiƙar dai ya ce ba dabara ba ce kuma ba neman riba ba, ya kuma ce Coci tayi take yi, ba ta tilasta komai. Mutum na iya yarda da shi ko ya ƙi, amma an faɗa a fili. Mu ma idan muka zauna da su, ba mu ajiye "ud'u ila sabili rabbika", wato ka yi kira zuwa hanyar Ubangijinka, a bakin ƙofa ba, kuma kowanenmu zai yi farin ciki a ce maƙwabcinsa ya karɓi Musulunci. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Don haka kalmar da muke nema dole ta iya ɗaukar mutum biyu da kowannensu ya yi imani shi ke kan gaskiya, ya faɗa a gaban ɗan uwansa, kuma ba a tashi da gaba ba. Kalmar da za ta sa mai sauraro ya ɗauka an ce duk addinai ɗaya ne ta ci amanar ɓangarorin biyu.

Ga tawa shawarar: "zaman sanayya".

Na ɗauko ta daga aya ta 13 a Suratul Hujurat, inda Allah ya ce ya sanya mu al'ummai da ƙabilu "lita'arafu", domin mu san juna. Sanayya ba ta buƙatar ka bi ra'ayin mutum. Ka san shi, ka san abin da yake girmamawa, ka san inda ba a taɓa masa. "Zama" kuma ya ɗauki fuska biyu da muke buƙata, zaman taro na malamai da zaman tare na unguwa.

Kuma abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Bayan jawabin Paparoma Benedict na 16 a Regensburg ta Jamus a 2006, wanda ya ɓata wa Musulmi rai ƙwarai, malamai da shugabannin Musulmi 138 sun rubuta wa shugabannin Kirista wasiƙa a 2007, suka ɗauko sunanta daga "kalimatin sawa'in", wato kalma madaidaiciya tsakaninmu da ku, ta Suratu Ali Imrana. Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar na cikin waɗanda suka sa hannu. Shi ne kuma ke jagorantar majalisar addinai ta ƙasa, NIREC, tare da shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN. A garin nan ga fadar Sarkin Musulmi, ga babban cocin Holy Family inda Bishop Matthew Hassan Kukah yake tun 2011. Abin muna yin sa, suna ne ba mu raɗa masa ba.

Yaya da ya ce "sanayya" na da wari, gaskiyarka. Mukan ce sai da sanayya ake samun aiki, wato alfarma da son kai. Na auna wannan. A kunnena idan "zaman" ya gabace ta, kuma "tsakanin addinai" ya biyo baya, warin ba ya tashi. Ku gwada da bakinku: "Limamai da fada-fada sun yi zaman sanayya." "Ofishin zaman sanayya tsakanin addinai na Fadar Paparoma ya aiko wa Musulmi saƙon azumi da sallah", abin da yake yi kowace shekara. "Zaman sanayya bai hana shelar bishara ba, bai kuma hana da'awa ba." Idan kuma malamai ne kaɗai suka hau teburi da littattafansu, sai a ce "tattaunawar malamai", a matsayin reshe ɗaya daga ciki.

Da ita zan ci gaba da aiki sai an kawo wadda ta fi ta. Waɗanda nake jira yanzu su ne 'yan uwa Katolika masu Hausa a baki, na nan Sakkwato da Gusau da Malumfashi, musamman masu koyar da katekizim, wato darasin aƙidar Coci. Kalmar taku ce tun asali. Ku gaya mana me kuke cewa a coci idan maganar ta taso, kuma ko "zaman sanayya" ta ɗauke abin da kuke nufi ko ta bar wani abu a baya.