Tambaya kan tattakin Santiago ta garuruwan duwatsun Sifaniya

Ɗan Sabon Tasha:
Jama'a, barkanmu da warhaka. Ina da niyyar yin tattakin ziyara zuwa Santiago de Compostela, inda Kiristoci suka yi imani an binne Yakubu, ɗaya daga cikin almajiran Yesu goma sha biyu. Hutun da zan samu a wurin aiki bai wuce mako biyu ba, kuma tsofaffin garuruwan kan duwatsu nake son gani. Daga ina ya kamata in fara?

Baba na Kakuri:
Ɗana, hanyar da aka fi bi tana farawa ne daga Saint-Jean-Pied-de-Port a Faransa, ta haura duwatsun Pyrenees zuwa Roncesvalles, kuma tsawonta ya kusa kilomita 800, wanda ke cin fiye da wata guda. Da mako biyu, shawarata ka fara daga Astorga. Daga nan za ka hau zuwa Cruz de Ferro, gicciyen ƙarfe da ke kan tsauni mai tsayin kusan mita 1,500, inda matafiya kan ajiye ɗan dutsen da suka ɗauko daga garinsu, sannan ka gangara Ponferrada mai tsohuwar ganuwa. Hawan da ya fi gajiyarwa shi ne na O Cebreiro, ƙauyen da har yau ke da zagayayyun ɗakunan dutse masu jinkar ciyawa, kamar na ƙauyukanmu. Kafin ka tashi, ka gwada ƙafarka a dutsen Kagoro da takalmin da za ka tafi da shi, domin sabon takalmi bororo yake jawowa.

Malama daga Barnawa:
Na yarda da Baba, sai dai kada a manta da takardar matafiyi da ake buga wa hatimi a masaukai da majami'u. A cikin masu tafiya a ƙafa, sai wanda ya taka aƙalla kilomita 100 ake ba takardar shaidar kammala tattakin, shi ya sa cunkoso ke ƙaruwa daga Sarria, garin da nisansa da Santiago ya ɗan haura kilomita 100, har gado kan yi wuyar samu a watan Agusta.

Malam na Tudun Wada:
Baba, Musulmi mai sha'awar tarihi zai iya bi? Abinci ne damuwata.

Baba na Kakuri:
Malam, babu mai tambayar addininka a hanya. Amma naman alade ya yi yawa a girkinsu, har cikin miyar wake da ganye, saboda haka ka riƙa tambaya kafin a zuba maka, ko ka tsaya ga kifi da wainar ƙwai da dankali.